AKWATIN DA KE BA INJUNA UMURNI: TAMBAYOYI UKU KAFIN A RUBUTA ODA

Akwai wani ɗan akwati da ya yawaita a zamanin nan cikin ɗakunan injuna, wanda ƙaraminsa bai fi sabulun wanki biyu a haɗe girma ba, amma shi ke cewa injin famfo ya tashi ko ya tsaya, shi ke kunna fitilun harabar makaranta da magariba ya kashe su da asuba, har ƙararrawar shiga aji ma ya kan kaɗa. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PLC, watau akwatin da a ke rubuta wa umurni ya riƙa sarrafa injuna bisa ga abin da aka rubuta masa. Mu dai a nan za mu riƙa ce masa akwatin umurni.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu yi maganarsa da ku akawuna da malaman makaranta shi ne, ko da ya ke mai aikin wuta ne ke ɗaura shi, sau da yawa wani dabam ke rubuta odarsa. Akawu ke kwafe lambarsa cikin takardar saye, shugaban makaranta ko ma'aji ya sa hannu, sa'an nan ɗan kwangila ya kawo abin da ya gani a rubuce. In harafi ɗaya ya kuskure, to, an sayo abin da zai ƙone ranar da aka jona shi, kuɗin jama'a sun tafi a banza. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne a kai wutar da ke kisa har bakin tankin da yara ke ɗiban ruwa, ba wanda ya sani sai ran da abin ya auku.

ASALINSA

Kafin a ƙago shi, masana'antu suna sarrafa injunansu da wani abu da a ke kira rile. Shi rile makunni ne wanda maganaɗisu ke ja maimakon yatsa. In aka ba naɗin wayar da ke cikinsa 'yar wuta kaɗan, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa bakin wayoyi biyu, wuta ta wuce. A manyan masana'antun motoci na Amurka a kan jera ɗaruruwan rile cikin akwatunan ƙarfe masu tsawo, kuma duk shekarar da aka sake fasalin mota sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa, aiki ya tsaya, ana ta hasara.

A shekarar 1968 kamfanin General Motors, sashensa mai ƙera giyar mota, ya nemi a yi masa na'urar da za ta maye gurbin wannan tarin rile, wadda za a iya sake mata umurni ba tare da an taɓa waya ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bedford Associates, inda injiniya Dick Morley ke aiki, ya ƙera wadda aka sa wa suna Modicon 084, domin ita ce aiki na 84 da kamfanin ya yi, ta kuwa fito a 1969. Don kada masu aikin wuta su ruɗe, sai aka riƙa rubuta umurnin cikin zane mai kama da tsani, irin wanda suka riga suka saba karantawa tun zamanin rile. Har yau zanen tsanin nan yana cikin hanyoyin da ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61131-3 ta yarda da su, ita kuwa an fara buga ta a 1993.

YADDA YA KE AIKI

Wanda ya taɓa riƙe littafin shiga da fita a ofis ba zai sha wuyar gane aikin akwatin nan ba. Yana da jerin kusoshi a sama inda labari ke shigo masa, su ne mashigai: tanki ya cika, an danna maɓalli, wutar gari ta dawo. Yana da wani jeri a ƙasa inda umurni ke fita, su ne mafitai: ta da famfo, kashe fitila. Kullum abin da ya ke yi shi ne ya duba mashigai duka, ya karanta dokar da aka rubuta masa daga farko har ƙarshe, ya gyara mafitai, sa'an nan ya koma farko, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ba gajiya, ba gyangyaɗi.

Wahalar tana wajen wuta. A kan auna ƙarfin turin wutar lantarki da bolt, yawan abin da ke gudu cikin waya kuwa da amfiya. Wutar gidajenmu a Nijeriya da Gana bolt 230 ce, kuma irin wadda ke kai da komo ce, sau 50 a daƙiƙa, ita a ke rubuta wa AC. Ta batir kuwa, mai miƙewa hanya guda, ita a ke rubuta wa DC. Ƙwaƙwalwar akwatin ba ta bukatar fiye da 'yan bolt kaɗan na DC. Saboda haka duk inda wutar gida za ta haɗu da shi, sai an san yadda maƙeransa suka shirya wurin. Wuraren haɗuwar nan uku ne, kowanne kuwa da tambayarsa.

TAMBAYA TA FARKO: WACE WUTA YA KE CI?

Wannan ita ce mai sauƙi. Waɗansu akwatunan a kan jona su kai tsaye ga wutar gida, waɗansu kuwa bolt 24 na DC su ke ci, sai an saya musu ɗan akwatin da ke rage wuta daban. Abin dubawa shi ne faɗin iyakar da ya ke jurewa, tun da mun san halin wutar gari a wurarenmu, yau ta zo da ƙarfi, gobe ta zo kamar ta aci-balbal. Alal misali, ɗan akwatin nan na kamfanin Siemens mai suna LOGO! 230RCE an rubuta masa zai yi aiki daga bolt 85 har 265. Mai faɗin iyaka irin wannan ya fi dacewa da mu.

Amma ko shi ba ya tsira daga abu biyu. Na ɗaya, in wayar komawa ta gidan da ke da layi uku ta tsinke, wutar da ke kan layi guda tana iya haurawa ta doshi bolt 400. Na biyu, tsawa da damina. Don haka ya kamata odar ta haɗa da na'urar da ke yanke wuta in ta wuce iyaka, da wadda ke zubar da bugun tsawa zuwa ƙasa. Kuɗinsu bai kai na akwatin ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

TAMBAYA TA BIYU: WACE WUTA MASHIGANSA KE KARƁA?

A nan ne akasarin kuskure ke aukuwa, domin mutum ya kan ga an rubuta AC a jikin akwati sai ya zaci duk kusoshinsa suna karɓar wutar gida. Ku dubi babban wan LOGO!, watau S7-1200 mai lamba 1214C. Akwai irinsa da aka rubuta wa AC/DC/RLY. Waɗannan kalmomi uku amsoshin tambayoyin nan uku ne a jere. Ta farko tana nufin yana cin wutar gida. Ta biyu tana nufin mashigansa guda 14 bolt 24 na DC kaɗai su ke karɓa. Ta uku tana nufin mafitansa guda 10 rile ne. Wanda ya karanta ta farko ya tsaya, ya kai waya mai bolt 230 ga mashigi, ya kashe akwatin nan take.

Akwai wani tarko kuma cikin kayan gwanjo da ke zuwa daga Amurka, inda wutar gida ta ke bolt 120. Akwatunan Allen-Bradley MicroLogix waɗanda lambarsu ta ƙare da AWA suna cin wuta ko 120 ko 240, sai mutum ya jona ya ga fitilarsu ta kama, ya yi murna. Alhali mashigansu na bolt 120 ne kawai. Arahar da aka samu a kasuwa sai ta fita ta hayaƙi.

To, akwai waɗanda aka yi mashigansu musamman don wutar gida irin tamu. LOGO! 230RCE ɗin nan yana da mashigai 8 da mafitai 4, haka kuma Zelio Logic na kamfanin Schneider Electric mai lamba SR2B121FU. Suna da amfani ƙwarai inda labarin da a ke so akwatin ya ji dama da wutar gida ya ke zuwa, kamar sanin ko wutar gari ta dawo, ko kuwa a tsohon gini inda makunnai da wayoyinsu suna nan a ɗaure. Sai dai fa suna da sharuɗɗa, ga kuwa manya daga ciki.

Na farko, sha'anin layi. Inda aka kawo layi uku, kowane layi bolt 230 ne in an auna shi da wayar komawa, amma tsakanin layi da layi bolt 400 ne. Mashigan LOGO! 230RCE an raba su rukuni biyu, huɗu huɗu, kuma takardarsa ta ce ba a gwama layi biyu cikin rukuni ɗaya. Wanda ke so akwatin ya riƙa lura da layukan uku duka, sai ya nemi wata dabara, za mu faɗe ta nan gaba.

Na biyu, wutar ƙarya. Mashigin irin wannan akwati yana ɗaukar abin da ya haura bolt 79 a matsayin an kunna, abin da ya kasa 40 kuwa an kashe, kuma wutar da ya ke bukata don ya ji bai kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba. In doguwar waya ta bi cikin bututu ɗaya da wata mai wuta, ta kan tsinci 'yar wuta daga maƙwabciyarta ko da makunninta a kashe ya ke. Haka kuma makunni mai 'yar jar fitila a ciki ya kan tsiyayar da wuta kaɗan. Sai akwatin ya ga kamar an kunna, famfo ya tashi da tsakar dare, mutane su ce aljannu ne. Shi ya sa maƙeransa suka iyakance tsawon wayar mashigi ga mita 100.

Na uku, jinkiri. Tun da wutar gida tana kai da komo, dole mashigi ya ɗan dakata ya tabbata kafin ya ba da labari. Ga maɓalli ko makunnin tanki wannan ba kome, amma ba ya iya ƙidayar abu mai sauri kamar juyin mitar ruwa, kuma ba ya auna zurfi ko zafi. Irin wannan aiki na mashigan DC ne.

Na huɗu shi ne wanda ya fi su duka nauyi. Duk wayar da ta tashi daga mashigi ta tafi ga makunni, wutar mashigin ta ke ɗauke da ita. In mashigin na bolt 230 ne, to, makunnin nan mai iyo a kan ruwan tanki bolt 230 ke cikinsa, wayarsa kuwa rana tana dukanta, ɓera yana gwaguyarta, lebura yana hawa ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Kashi 30 cikin dubu na amfiya ita ce iyakar da a ke sa wa makarin da ke kare rai, domin abin da ya wuce haka in ya daɗe yana ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Wutar gida tana iya tura fiye da haka ta jikin mutum jiƙaƙƙe, bolt 24 kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Saboda haka shawararmu ita ce, duk makunnin da zai zauna cikin ruwa, ko a waje, ko inda yara ke kaiwa, a sa shi kan bolt 24.

Dabarar da muka ce za mu faɗa ita ce rile ɗan tsakani. A sayi akwati mai mashigan bolt 24, sa'an nan duk labarin da ke zuwa da wutar gida a bi da shi ta ɗan rile mai naɗin bolt 230, bakinsa kuwa ya kai bolt 24 ga mashigi. Layi uku, rile uku, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ran da tsawa ta faɗo ta layin, rile ne zai ƙone, a zare shi daga mazauninsa a cusa sabo, akwatin yana nan lafiya.

TAMBAYA TA UKU: ME MAFITANSA KE IYA ƊAUKA?

Mafitai iri uku ne. Akwai na taransista, mai sauri ƙwarai, ba ya lalacewa da yawan kunnawa, amma DC kaɗai ya ke ɗauka, wutar gida kuwa ajalinsa ce. Akwai na tirayak, wanda AC kaɗai ya ke ɗauka, ba shi da abin motsi a ciki, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ko a kashe ya kan tsiyayar da 'yar wuta. Sa'an nan akwai na rile, mai ɗaukar AC da DC duka, shi ne ya fi dacewa da akasarin ayyukan makaranta da ofis.

Amma kada lambar da aka buga a jikinsa ta ruɗe ku. An rubuta wa rilen LOGO! amfiya 10, wannan kuwa ga abin da ke zafi kawai ne, kamar hita. Ga abin da ke da naɗin waya a ciki, irin inji, amfiya 3 ce. Na S7-1200 kuwa amfiya 2 ne. To, injin famfo mai ƙarfin doki biyu a kan layi ɗaya ya kan ja wajen amfiya 9 ko 10 yana cikin gudu, lokacin tashi kuwa ya kan fizgi ninki biyar ko shida na wannan. Bakin ɗan rile ba ya jure haka. Ko dai ya ci wuta ya daina haɗawa, ko kuwa ya narke ya manne, wannan kuwa shi ne mugun, gama akwatin zai ce tsaya, famfo ya ƙi tsayawa, ya zuƙe rijiya har ya ƙone kansa. Fitilun zamani masu ƙarancin cin wuta ma, in an jera da yawa kan mafita ɗaya, fizgar da su ke yi lokacin kunnawa ta kan manne bakin rile.

Maganin wannan shi ne kontakta, watau babban rile mai kaurin baki wanda aka yi don ɗaukar inji. Akwatin ya kunna naɗin kontakta kawai, wanda ke jan wuta kaɗan, ita kuwa kontakta ta ɗauki nauyin. Sarki ba ya ɗaukar kaya da kansa, umurni ya ke bayarwa. A haɗa mata makarin da ke yanke wuta in inji ya yi nauyi, a kuma ɗaura wa naɗinta abin kashe tartsatsi, domin duk sa'ad da aka yanke wa naɗin waya wuta ya kan mai da martani da bugu mai ƙarfi wanda ke cin bakin rile a hankali. Har wa yau mafitan rile ba su da fis a ciki, sai an sa musu daga waje.

Ga wani lissafi da malamai za su iya ba 'yan aji. Takardar S7-1200 ta ce rilensa zai yi buɗe da rufe sau 100,000 in yana ɗauke da cikakken nauyinsa. Famfon da ke tashi sau 20 a rana ya yi 7,300 a shekara, watau rilen zai haura shekara 13. Amma abin da ke kunnuwa kowane minti ɗaya ya yi 1,440 a rana, kafin kwana 70 ya cinye adadin. Rile ɗaya ne, aikin da aka ba shi ne ya bambanta. Don haka sai an san sau nawa abu zai riƙa kunnuwa kafin a zaɓi irin mafita.

A CE GA MAKARANTAR KWANA

A ce ga makarantar kwana mai rijiyar burtsatse da tanki a sama, ana so famfo ya riƙa cika tanki da kansa, fitilun haraba su riƙa kamawa da magariba. Labaran da akwatin ke bukata su ne tanki ya yi ƙasa, tanki ya cika, rijiya ta janye, wutar gari tana nan, makarin inji ya faɗi. Biyar ke nan. Uku na farko a ruwa su ke, saboda haka bolt 24. Na huɗu ya bi ta rile ɗan tsakani. Mafitai kuwa uku, kontaktar famfo, kontaktar fitilu, da fitilar gargaɗi. Ƙaramin akwati mai mashigan DC guda 8 da rile 4 ya isa, har da saura don gobe, kuma kyakkyawar al'ada ce a bar sauran. In kuwa aikin ƙararrawa da fitilun cikin gini ne kawai, makunnai duk suna bango a bushe, to, mai mashigan bolt 230 ya wadatar, ya fi sauƙin ɗaurawa kuma.

Abu biyu ba a barin su ga akwatin shi kaɗai, kome kyawunsa. Maɓallin tsayar da inji na gaggawa dole ya yanke wutar kontakta kai tsaye da wayarsa. Haka kuma wurin sauya wuta tsakanin ta gari da janareta dole a sa makari na ƙarfe tsakanin kontaktocin biyu, yadda ba za su taɓa rufuwa tare ba ko da umurnin ya rikice.

ZAFI DA ƘURA DA TAKARDU

Akasarin akwatunan nan an yi su ne don su zauna cikin wani babban akwati mai murfi, jikinsu ba ya tare ƙura ko ruwa. Iyakar zafin da a kan rubuta musu digiri 55 ne ko 60. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin inuwa ya kan wuce 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana. A kafa shi a inuwa, a rufe shi daga ƙurar hunturu da ƙadangaru, a kuma kai masa wayar ƙasa ta ƙwarai.

Saura aikin da ya ke naku ne ku akawuna. A rubuta lambar akwatin cikakkiya cikin oda, harafi da harafi, a kuma rubuta amsar tambayoyin nan uku da kalmomi a ƙarƙashinta, don in an kawo wani iri dabam a sami hujjar mayarwa. Ran da kaya suka iso, a gwada lambar jikin akwatin da ta takarda tun ba a sa hannu ba. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe, a karɓi zanen wayoyi, da kwafin umurnin da ya rubuta, da kalmar sirri in ya sa, a ajiye cikin fayil. Ma'aikaci ya kan tashi ya bar gari, fayil kuwa yana nan, kuma shi ne zai cece ku ran da wani sabon mai gyara ya zo. Ɗaurin wayoyin kansa aikin mai takardar shaidar aikin wuta ne, kada a bar wa ɗan koyo, kada kuma a taɓa kusa sai an yanke wuta an gwada an tabbata.

Ku kuma malamai, musamman na makarantun sana'a, ku koya wa yara karanta rubutun da ke jikin na'ura kafin su kai mata waya. Yaron da ya saba tambayar me ta ke ci, me ta ke karɓa, me ta ke ɗauka, ya sami abin da zai tsare masa kayan aiki, da hannunsa, da ran wanda zai zo ɗiban ruwa bayansa.